Takardar Koke Wadda Ta Fi Ƙarfin Ƙofar Majalisa

Ran Litinin, 2 ga watan Mayu, 1842, mutanen birnin Landan suka yi cincirindo a bakin hanya suna kallon wani abin mamaki. Ga ayarin ma'aikata ya cika titi, da tutoci da masu bushe-bushe, a tsakiyarsu kuwa waɗansu ƙarfafan mutane sun saɓo wani ƙaton naɗi na takarda bisa katako, in waɗannan sun gaji waɗancan su karɓa. Nauyin takardar nan ya kai kilo 300, tsawonta in an miƙe ta ya yi mil 6, sunayen da ke cikinta kuwa 3,317,752. Takardar koke ce, talakawan ƙasar suka rubuto zuwa ga Majalisar Dokoki. Da aka iso da ita ƙofar zauren wakilai sai ta ƙi shiga. Aka ɓamɓare katakon ƙofa, duk da haka ba ta wuce ba, sai da aka warware ta aka riƙa shigar da ita guntu-guntu, aka jibge ta a tsakar zaure har ta tsere wa teburin magatakarda tsawo.

Kashegari wakilai suka yi shawara, ko za a yarda masu koken nan su aiko da waɗansu daga cikinsu su tsaya gaban Majalisa su faɗi abin da ke damunsu da bakinsu. Iyakar abin da aka nema ran nan ke nan, a saurare su. Mutum 49 suka ce a saurare su, mutum 287 suka ce a'a.

To, ku 'yan makaranta, abin da na ke so mu bincika shi ne dalilin da ya sa takarda mai wannan girma ta kasa motsa mutum 287, alhali kuwa an yi waɗansu takardun koke da ba su kai rabin rabinta ba, Majalisan nan kuma ta biya wa masu su bukata nan da nan. Sai mun koma baya kaɗan tukuna.

Majalisar Ingila zaure biyu ce. Akwai zauren manyan ƙasa, waɗanda a wancan zamani galibinsu gādon kujerunsu su ke yi, akwai kuma zauren wakilai, waɗanda a ke zaɓa da ƙuri'a. Maganar haraji a hannun zauren wakilai ta ke. A wancan zamani, tun daga 1801, majalisa ɗaya ce ta riƙa yi wa Ingila da Wels da Sikotilan da Ayilan doka. Kai kuka gare ta kuwa tsohuwar al'ada ce, kamar yadda talaka ko'ina a duniya ya ke zuwa ƙofar mai iko ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce an cuce shi. A 1669 zauren wakilai ya tabbatar cewa kowane talaka yana da ikon ya rubuto masa koke, a 1689 kuma aka sa a cikin babbar dokar ƙasa cewa ba a hukunta mutum don ya kai kuka ga Sarki. Amma ku lura da wata doka da ta riga waɗannan, ta 1661. Ita ta ce in koken na neman a sake wata doka ne, kada sunaye su wuce 20 sai da izinin alƙalai, kada kuma fiye da mutum 10 su rako takardar. Masu mulki sun tuna yadda taron masu koke ya yi ta kewaye Majalisa gab da yaƙin basasan da ya kai ga sare kan Sarki Charles na Ɗaya a 1649. Dokan nan ta daɗe tana barci, amma a wancan zamani ba a riga an soke ta ba, za ku ga ranar da aka tashe ta.

Kafin mu ci gaba sai ku riƙe lissafin kuɗinsu na lokacin: kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 ne fam ɗaya.

A 1815 aka gama yaƙi da Faransa, wanda aka shafe fiye da shekara 20 ana gwabzawa. Ingila ta ci nasara a kan Napoliyon, amma ta fito da bashin da ya haura fam miliyan 800. Sojoji suka komo gida ba aiki, masaƙun da ke yi wa soja tufafi suka rage ma'aikata. A cikin wannan hali aka yi abu biyu a jere, shekara ɗaya tsakaninsu, waɗanda a ganina in kun fahimce su kun fahimci sauran labarin duka.

Na farko, a 1815 ɗin, Majalisa ta yi Dokar Hatsi. Lokacin yaƙi alkama ta yi tsada, masu manyan gonaki sun sha riba. Da suka ga hanyar teku ta buɗe, alkamar ƙasashen waje za ta shigo da araha, sai suka sa aka hana shigo da ita har sai kuɗin ta gida ya kai sule 80 a kan ma'auninsu da a ke kira kwata, watau kimanin buhu biyu. Burodi kuwa shi ne tuwon talakan Ingila. Takardun koke suka yi ta kwarara daga garuruwa, ɗauke da dubban sunaye, ana roƙon kada a yi dokar. Jama'a suka kewaye Majalisa har sai da aka kawo soja suka tsare ƙofa. Aka yi dokar. Ba abin mamaki ba ne, gama mafi yawan waɗanda ke zaune a zaurukan nan biyu su ne masu gonakin.

Na biyu, a 1816. Tun 1799 Firayim Minista William Pitt, watau babban wazirin ƙasa, ya ɗora haraji a kan abin da mutum ke samu a shekara, don a biya kuɗin yaƙi. A ƙarshen yaƙi harajin nan sule 2 ne cikin kowane fam. Bai shafi leburan da ke neman na abinci ba, masu hali ya ke kamawa: 'yan kasuwa, da masu ƙasa, da lauyoyi, da masu banki. Gwamnati ta so ta rage shi ta ci gaba da karɓa. Sai masu halin nan suka tashi da takardun koke kusan 400. Wani lauya mai kaifin harshe, Henry Brougham, ya sa aka riƙa karanta su ɗaya bayan ɗaya, kowace a yi muhawara a kanta, kwana da kwanaki, har gwamnati ta gaji. Cikin watan Maris aka jefa ƙuri'a, gwamnati ta faɗi, 238 da 201. Aka soke harajin, har aka ba da umurni a hallaka littattafansa, wai don kada wani ya sake tunawa da shi.

Amma bashi bai tafi ko'ina ba, tilas a biya masu shi ruwan kuɗinsu kowace shekara. Daga ina? Daga harajin kayan masarufi: sukari, da ganyen shayi, da sabulu, da kyandir, da gishiri, da taba, da takarda. Har jarida sai da aka ɗora wa kwabo 4, don ta fi ƙarfin aljihun talaka. Irin wannan haraji ba ya tambayar mutum nawa ya ke samu. Attajiri da lebura kuɗi ɗaya su ke biya a kan sandar sabulu, sai dai ga ɗaya ba a bakin kome ya ke ba, ga ɗayan kuwa abincin rana ne. Ga koke biyu ke nan a gaban majalisa ɗaya. Masu na 1816 suna da ƙuri'a, wakili ya san zai koma ya tsaya gabansu ranar zaɓe. Yawancin masu na 1815 ba su da ita.

Waɗanda suka fi kowa shan wuya a shekarun nan su ne masaƙan hannu na arewacin Ingila. A farkon ƙarnin masaƙi ya kan sami fiye da sule 20 a mako. Da injunan saƙa suka yawaita, masu neman aiki kuma suka yi yawa, sai ladan ya yi ta zubewa har ya komo wajen sule 6. Sun yi ta rubuta wa Majalisa a yanka musu mafi ƙanƙantar lada da doka, ana ce musu ciniki ba a sa masa hannu. Ku duba fa, majalisar da ta ce ba ta sa hannu a ladan masaƙi, ita ce ta sa hannu a kuɗin alkama.

Cikin Maris 1817 masaƙan Mancesta suka shirya su taka da ƙafa har Landan, tafiyar kusan mil 200, su kai kukansu ga Yarima mai riƙon sarauta. Kowa ya saɓa bargo don kwanan hanya, shi ya sa a ke kiransu 'Yan Bargo. Sun san dokar 1661, don haka suka rarrabu goma goma, kowace takarda kuwa sunaye 20. Wannan dabara ba ta cece su ba, sojan doki suka watsa su, aka kama da yawa tun ba su yi nisa ba. Shekara biyu bayan haka, ran 16 ga Agusta, 1819, mutum wajen 60,000 suka taru a filin Sen Pita a Mancesta, maza da mata da yara, da tufafinsu na ado, don su ji jawabin Henry Hunt a kan gyaran zaɓe. Mahukuntan gari suka tura mahaya su kama shi, mahaya suka auka cikin taro da takubba. Aƙalla mutum 15 suka mutu, ɗaruruwa suka yi rauni.

Gyaran zaɓen ya zo a 1832, bayan ƙasa ta kusa kamawa da wuta. Kafin nan akwai abin dariya a tsarin: wani kufai mai suna Old Sarum, tudu ne kawai ba gari, yana aika wakili biyu, alhali Mancesta da Bamingam da Lids, manyan biranen masana'antu, ba su da wakilan kansu. Dokar 1832 ta gyara wannan, ta kuma ba da ƙuri'a ga mai zaune a gidan da kuɗin hayarsa ya kai fam 10 a shekara. Mai kanti ya samu, mai masaƙa ya samu. Ma'aikacin da ya sha rana a tarurruka tare da su bai samu ba. A Ingila da Wels kimanin namiji ɗaya cikin biyar ne ya zama mai ƙuri'a. Sabuwar majalisar kuwa, a 1834, sai ta yi wa matalauta sabuwar doka, wadda manufarta ita ce mai lafiyan da ya rasa abinci ba shi da taimako sai ya shiga gidan gajiyayyu. A can a kan raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'ya, a kuma tsananta zaman da gangan don kada kowa ya yi sha'awarsa.

Daga nan ne waɗansu ma'aikata suka ce sun gane inda gizo ke saƙa. Roƙon a rage kuɗin burodi, ko a ƙara lada, ko a sassauta dokar matalauta, duk sāran reshe ne, muddin mai yin doka ba ya jin tsoron ƙuri'arka. Wani kafinta mai yawan karatu, William Lovett, sakataren wata ƙungiyar ma'aikata ta Landan, ya tsara bukatu shida, aka buga su cikin Mayu 1838, shekara guda bayan Sarauniya Biktoriya ta hau gado. Don ku ji daɗin riƙe zamanin, shekarar da ta hau, 1837, ita ce shekarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu. Suka kira takardar Cata ta Jama'a, watau takardar haƙƙi, su kuma aka riƙa ce da su 'Yan Cata.

Bukatun su ne: kowane namiji da ya kai shekara 21 ya sami ƙuri'a, a jefa ƙuri'a a asirce, a daina cewa sai mai dukiya zai zama wakili, a riƙa biyan wakilai albashi, a daidaita yankunan zaɓe bisa yawan mutane, a sake zaɓe kowace shekara. In kun duba za ku ga kowace tana tallafe da 'yar'uwarta. A lokacin a fili a ke zaɓe, mutum ya hau dandamali ya faɗi sunan wanda ya ke so, mai gonar da ya ke haya ko mai masaƙar da ya ke wa aiki yana ji. Ƙuri'a ba asiri kyauta ce ga ubangidansa. Doka kuma ta ce wakilin birni sai yana da dukiyar da ke kawo masa fam 300 a shekara, na karkara fam 600, ba a kuwa biyansa ko anini. Ko da masaƙa sun sami ƙuri'a, wa za su zaɓa? Masaƙi ba ya iya barin aikinsa ya tafi Landan ya zauna wata shida da iska a ciki. Abu ɗaya da ba su nema ba shi ne ƙuri'ar mata, ko da ya ke mata da yawa sun sa hannu, sun kuma yi yawon tattara sunaye.

Wanda ya ɗauki maganar ya cika ƙasa da ita wani mutumin Ayilan ne, Feargus O'Connor, dogo, mai murya kamar tsawa, mai jarida a Lids. A kan haɗa kuɗi a sayi jaridarsa guda, wanda ya iya karatu ya karanta wa sauran a wurin aiki ko a mashaya. Shi da Lovett ba su jitu ba. Lovett yana ganin ilmi da haƙuri su ne makami, O'Connor kuwa yana son masu mulki su riƙa jin tsoro, ko da ya ke duk ran da abu ya kai gargara shi ya kan ja da baya.

Takardarsu ta farko ta shiga Majalisa cikin Yuni 1839, da sunaye 1,280,000 da 'yan kai. Thomas Attwood, wakilin Bamingam, shi ya gabatar da ita. Ran 12 ga Yuli aka ƙi duba ta, 235 da 46. Lovett ya yi shekara guda a kurkuku saboda wata sanarwa da ya sa wa hannu yana zargin 'yan sanda. Cikin Nuwamba dubban masu haƙar kwal da maƙera na Wels suka sauko garin Niyufot da makamai, John Frost na gaba, wanda dā shi ne magajin garin. Soja suka buɗe musu wuta, fiye da mutum 20 suka mutu. Aka yanke wa Frost hukuncin kisa, sa'an nan aka sauya, aka kore shi zuwa tsibirin Tasmaniya, can kudu da Ostireliya.

Yanzu mun komo ga takardar da muka fara da ita. Shekarar 1842 tana cikin mafi muni da ma'aikatan Ingila suka gani a ƙarnin nan. Ciniki ya tsaya, masaƙu sun rufe, a waɗansu garuruwan arewa tituna guda guda sun zama kango. Takardar ba ta yi ladabin da aka saba ba, lissafi ta yi. Ta ce mutanen ƙasa sun kai miliyan 26, masu ƙuri'a kuwa 900,000 da kaɗan. Ta ce garin Gilfod mai mutum 3,920 yana aika wakilai daidai da wata unguwar gabashin Landan mai mutum 300,000. Ta ce bashin fam miliyan 800 an ci shi ne don yaƙe-yaƙen da ba a shawarci talaka a kansu ba, ga shi kuwa shi ke biya. Sa'an nan ta taɓa inda ba a taɓawa, ta ce Sarauniya tana karɓar fam 164 da sule 17 da kwabo 10 kowace rana don bukatun kanta, alhali a dubban gidajen leburori abin da ke zuwa kan mutum ɗaya a rana bai cika kwabo 4 ba, kwabo 3 ne da kashi uku cikin huɗu. Ku ɗauki alli ku mai da kuɗin Sarauniya kwabo, za ku sami 39,574. Ku raba, za ku ga abincin mutum fiye da 10,000 ke nan.

Thomas Duncombe ne ya gabatar da ita. Wanda ya fi kowa iya magana cikin masu ƙi shi ne Thomas Macaulay, masanin tarihi. Ya kamata mu ji hujjarsa da adalci, gama ba wawa ba ne, ba kuma azzalumi ba. Ya ce ba ya ƙin waɗansu daga cikin bukatun, har ma shi mai goyon bayan ƙuri'ar asiri ne. Abin da ya ke tsoro shi ne ƙuri'ar kowa da kowa. A ganinsa zaman lafiya da ci gaba sun dogara ne a kan kowa ya amince ba za a taɓa dukiyarsa ba. In aka ba mayunwata marasa ilmi iko, za su wawashe dukiyar masu ita, su cinye iri, baɗi yunwar ta fi ta bana. Ni dai inda na ga hujjan nan ta yi rauni shi ne, ya ɗauka masu dukiya ba sa amfani da ƙuri'arsu su cika aljihunsu, alhali Dokar Hatsi tana nan a littafi shekara 27 tana ƙaryata shi. Ban da haka, jahilcin da ya ke tsoro, wa ya sa wa jarida haraji?

Cikin Agusta na shekaran nan aka rage lada a masaƙu, sai yajin aiki ya bazu a arewa da tsakiyar ƙasa. Ma'aikata suna bi masaƙa masaƙa suna zare toshiyar tukunyar tururi, ruwa ya zube, inji ya tsaya. Aka aika da soja cikin jirgin ƙasa, aka harbe mutane a garuruwa irin su Firestan, aka ɗaure ɗaruruwa.

Akwai wani abu kuma da ya faru a 1842 wanda littattafai ba su cika ambata ba. Takardun koke sun yi wa Majalisa yawa. Cikin shekara biyar daga 1785 zuwa 1789 guda 880 kaɗai ta karɓa, amma a 1843 ita kaɗai sun haura 33,000. Don haka aka kafa ƙa'ida cewa wakili ya faɗi daga ina takarda ta fito, da yawan sunayenta, da abin da ta ke nema, ya ajiye, ba muhawara. Dabarar da Brougham ya kayar da gwamnati da ita a 1816 an toshe ta ke nan, daidai lokacin da talakawa suka ƙware da rubuta koke.

Duk da haka kada ku ce kukan ya tafi a banza. Firayim Minista Robert Peel ya ƙi Cata, amma ya ji tsoron abin da ke bayanta. A 1842 ɗin ya komo da harajin samu, kwabo 7 cikin fam, a kan wanda ke samun fiye da fam 150 a shekara, ya rage kuɗin fito a kan kaya iri ɗaruruwa. Watau ya ɗauke wani sashi na kayan daga kan talaka ya mayar kan mai hali. A shekaran nan aka hana sa mata da ƙananan yara aiki a ƙarƙashin ƙasa cikin ramin kwal, a 1847 kuma aka tsai da aikin mata da matasa a masaƙu kan sa'a 10 a rana.

Dokar Hatsi kuwa waɗansu ne dabam suka kayar da ita. Masu masaƙun Mancesta, Richard Cobden da John Bright na gaba, sun kafa ƙungiyarsu a 1839. Su ma da takardun koke suka fara, aka yi banza da su. Sai suka sake hanya, gama suna da abin da 'Yan Cata ba su da shi. Suka tara kuɗi, har a 1845 suka nemi fam 250,000. Suka aika da ƙasidu gidan masu ƙuri'a ta gidan waya, suka bi rajistar zaɓe suna ƙalubalantar sunayen abokan hamayya, suka sa magoya bayansu sayen 'yan filaye don su sami ƙuri'a a karkara. Da ciwo ya kama dankalin Ayilan a 1845, yunwar da ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya ta soma, Peel ya ga ba sauran hujja. A 1846 aka soke dokar, jam'iyyarsa ta tsage biyu, shi kuma ya sauka.

Takarda ta uku ita ce ta 1848, shekarar da Faransawa suka kori sarkinsu, gadajen sarauta suka yi ta girgiza a Turai. 'Yan Cata suka sa ran 10 ga Afrilu za su taru a filin Kenintan, kudu da kogin Temis, su rako takardarsu zuwa Majalisa. Gwamnati ta tashi tsohuwar dokan nan ta 1661, ta ce taro dai a yi, rakiya kuwa babu. Aka kai Sarauniya wani tsibiri a kudu, aka danƙa tsaron birni ga tsohon jarumi Wellington, wanda ya ci Napoliyon, aka rantsar da dubun dubatar masu kanti da akawuna su zama 'yan sandan sa kai, aka tsare gadoji. O'Connor, wanda a lokacin shi ne wakilin Notingam, ya ga in aka matsa jini zai zuba, sai ya roƙi jama'a su watse. Aka sa takardar cikin kekunan doki uku na haya aka kai ta, ruwan sama ya kori sauran taron. An sha zaginsa da ragwanci saboda wannan, amma ni ban ga laifinsa ba a nan, ya san abin da ya faru a filin Sen Pita.

Laifinsa yana wani wuri. Ya tsaya a Majalisa ya ce sunayen sun kai 5,706,000. Bayan kwana uku aka ba da sanarwa cewa akawuna 13 sun ƙirga cikin sa'a 17, sun sami 1,975,496, cikinsu kuma akwai shafuffuka da hannu ɗaya ya rubuta, da sunan Sarauniya, da na Wellington sau da yawa, da sunayen ba'a irin su Mai Ƙaramin Hanci. Zaure ya fashe da dariya, jaridu suka ɗauka, dariyan nan kuwa ta yi wa 'Yan Cata ɓarnar da soja ba su yi musu ba. Amma ku sake ɗaukar alli. Ku raba 1,975,496 gida 13, ku raba abin da kuka samu gida 17, sa'an nan gida 60. Za ku ga kowane akawu sai ya ƙirga suna kusan 150 a minti ɗaya, ba hutu, ba cin abinci. Shafuffukan hannu ɗaya kuma ba duka ne ƙarya ba, gama wanda bai iya rubutu ba maƙwabcinsa ya kan rubuta masa. Ko mun karɓi lissafin akawunan yadda ya ke, sunayen sun kusa ninka dukan masu ƙuri'a na ƙasar. Sai dai wanda ya ce biyar aka tarar da biyu, ba mai sauraronsa in ya ce biyun ma da yawa.

Daga nan ƙungiyar ta yi ta sanyi. Ciniki ya farfaɗo, aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ya ɗebi mutane, waɗansu suka yi ƙaura zuwa Amurka da Ostireliya, waɗanda suka rage suka mai da hankali ga ƙungiyoyin ƙwadago da kantunan haɗin gwiwa, inda suka kai gwanintar da suka koya ta kiran taro da riƙe littafin kuɗi da bin gida gida. O'Connor ya taɓu, ya rasu a 1855. Bukatun kuwa suka riƙa shigowa ɗaya ɗaya ta hannun waɗansu mutane. A 1858 aka soke sharaɗin dukiya ga wakili. A 1867 ma'aikatan birane da yawa suka sami ƙuri'a, a 1884 na karkara. Ƙuri'ar asiri ta zo a 1872, daidaita yankunan zaɓe a 1885, albashin wakilai, fam 400 a shekara, a 1911. A 1918 aka ba kowane namiji mai shekara 21 ƙuri'a, da mata masu shekara 30 bisa waɗansu sharuɗɗa, a 1928 aka daidaita mata da maza. Zaɓe kowace shekara ne kaɗai ba a taɓa yi ba, iyaka dai a 1911 an rage wa'adin majalisa daga shekara 7 zuwa 5. Wawashe dukiyar da Macaulay ya ji tsoro ba ta auku ba.

Cikin waɗanda suka shirya taron Kenintan akwai wani tela baƙar fata, ɗan gajeren mutum mai suna William Cuffay. An haife shi a Ingila a 1788. Kakansa daga Afirka aka kamo shi aka sayar a tsibirin Sen Kits, ubansa kuwa cikin bauta aka haife shi, ya sami 'yanci, ya zama kuku a jirgin ruwan yaƙi. Cuffay ya yi fushi ƙwarai ran da aka ce a watse. Cikin Agusta na shekarar aka kama shi bisa shaidar 'yan leƙen asirin gwamnati, aka ce yana cikin masu shirin tawaye. A gaban shari'a ya ƙi yarda da masu taya alƙali yanke hukunci, ya ce doka ta ce tsaran mutum ne za su yi masa shari'a, shi kuwa tela ne mai aikin lada, waɗannan masu dukiya ne. Aka kore shi zuwa Tasmaniya yana da shekara 60. A 1856 aka yi masa afuwa, bai komo ba, ya zauna can yana ɗinki yana kuma jawabi a tarurrukan ma'aikata. Ya rasu a gidan gajiyayyu a 1870, saura shekara biyu a fara jefa ƙuri'a a asirce a Ingila.